Jan Zaren da Tekla Ba Ta Lasa Ba

A unguwarmu ta arewacin Winnipeg, a ƙasar Kanada, in aka ce wa mace "kin zama Tekla", ba yabonta aka yi ba. Ana nufin ta ɗaga ƙwai ta duba shi a hasken taga kafin ta biya, ko ta sa mai nama ya cire takardar naɗi daga kan sikeli ya sake awo. Ita Tekla Hawryluk ɗin da ake faɗa ba ta taɓa jin haushin wannan suna ba. In an ce mata zato zunubi ne, sai ta ce ta ji, za ta faɗa wa limamin coci ranar Asabar, amma dai a sake awon.

Daga wani ƙauye a yankin Galisiya, can ƙetaren teku, ta zo ƙasar nan a 1912, tana 'yar shekara goma sha tara, da akwatin katako ɗaya da turmin farin lilin da uwarta ta saƙa da hannu. A tashar jirgin ruwa wani mutum mai fara'a, mai magana da harshenmu, ya sayar mata da takalman sanyi, ya rantse mata fata ce zalla. Dusar ƙanƙara ta farko ta nuna mata kwali ne aka shafa wa baƙin mai. Da tsumma a ƙafa ta ƙarasa sanyin shekarar, ƙaramin yatsanta na hagu kuwa bai sake jin komai ba har ta bar duniya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Tun daga ranar, duk wanda ya tare ta da fara'a da harshen gida, hannunsa take fara kallo.

Ta yi shekara shida tana ɗinka wandunan leburori a masana'anta, sannan ta auri Prokop, ma'aikacin layin dogo, mutum mai shiru da ya bar mata ragamar gida don a zauna lafiya. Sun haifi huɗu, ɗaya ne ya rayu, Ostap. Prokop ya rasu da ciwon huhu a 1936, Tekla ta jawo keken ɗinkinta zuwa tagar ɗakin gaba, da shi ta ci, da shi ta kai yaron makaranta. Ba ta da daɗin baki, kowa ya sani. Amma in ta ce miki ranar Alhamis, to ranar Alhamis ce, ko da ta kwana da zazzaɓi. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa zuwa ƙofarta ya ji kalmar "ban gama ba".

Kuma komai sai ta gwada. Allura takan danna ta a farcen babban yatsa ta ga ko za ta lanƙwashe. Yadi takan murza gefensa ta ga ko sitaci ne aka cika shi da shi. Jan zare kuwa yana da nasa gwajin: ta ciro sili ɗaya, ta lasa shi sosai, ta matse shi a cikin farin ƙyalle tsakanin yatsu biyu. In ƙyallen ya fito fari tas, ta biya. In ya ɗauki ko ɗigon launi, ta ajiye wa mai kanti abinsa ba tare da ta ce uffan ba, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, a kantin kayan ɗinki muka fara jin sa. Zif ya ɓace, aka ce ƙarfen ya tafi yin harsashi. Roba ta bi bayansa, mata suka koma ɗaure kamfai da igiya irin ta kakanninsu. Fil ya zama abin da ake durƙusawa a nema in ya faɗi. Allurar keke, da a da in ta dakushe ake tsaki a jefar, sai ga mata suna wasa ta a gindin kofin tangaran. Jan zaren surfani wanda ba ya zuba kuwa daga Faransa yake zuwa, Faransa kuma tun 1940 tana hannun Jamus.

Sai gwamnati ta ƙayyade farashi. Kowane kaya a sayar da shi yadda aka sayar a kakar 1941, kada a ƙara ko sent ɗaya. Aka raba wa mata 'yan shuɗɗan littattafai su riƙa lura, su kai ƙarar duk wanda ya ƙara. Doka ce mai kyau, ni ban ce komai ba, amma wanda ya rubuta ta bai taɓa tsayawa a bayan kantar shago ba. Farashi ya tsaya cak, sai kayan suka fara ramewa. Takardar fil mai layi goma ta koma tara, an yanke ɗaya da reza. Roba yadi guda ce a kan kanta, in kika kai ta gida ta huta sai ta rasa yatsu uku, don an ja ta wajen awo. Kina son allura, sai kin haɗa da maɓallan kwat irin na tsofaffi da ba mai so. Wannan zamani ya yi wa Tekla daidai. Mata suka riƙa roƙonta ta raka su sayayya, ita kuma ta kai ƙarar kantuna biyu, aka ci su tara, ta yi mako guda tana tafiya da ƙarfi a titin Selkirk.

Kanti ɗaya ne kawai take shiga ta bar gwaje-gwajenta a bakin ƙofa, na Paraska Sawchyn. Paraska ce ta riƙe Ostap ranar baftisma, ita ta kawo farin mayafin da aka naɗe shi. A wurin mutanenmu, uwar yaro da matar da ta riƙe mata shi a gaban Allah sun fi 'yan'uwan ciki ɗaya kusa. Kumo suke kiran juna har mutuwa. Ba sa faɗa, ba sa kai juna ƙara, kuma kumo ba ta gwada abin da ya fito daga hannun kumo, domin tamkar ta ce da ita ɓarauniya ne. Paraska mace ce mai jiki, mai dariya da dukan ƙirjinta, mai saurin hawaye, wato dai ainihin irin mutanen da Tekla ke kallon hannunsu. Amma ita ce ta kwana uku a gidan ranar da Prokop ya rasu, ita ta wanke gawar. Saboda haka in Tekla ta sayi roba a can ba ta sake auna ta a gida. Ba don ta tabbata ta cika ba ne. Ba ta so ta sani ne.

A shekara ta uku ta yaƙin Paraska ta ajiye wani kwali a kan kanta, ta ce ana tara takarda don taimakon soja. Ta fi matsa wa mata su kawo mata 'yan ɗamarun takardar nan masu tambari da ake ɗaure ƙullin zaren Faransa da su, wai takardar mai kyau ce. Tekla, da ba ta taɓa jefar da komai ba, ta juye mata na shekara da shekaru, cike da gwangwanin shayi. Ta dai yi mamakin yaƙin da za a ci da takarda mai faɗin yatsa, amma ta bar mamakin a cikinta.

A watan Yuni na 1943 wasiƙar Ostap ta zo daga sansanin horo. Za a tsallaka da su teku. An ba shi kwana goma ya zo ya yi sallama, zai iso nan da mako guda.

Tekla ta karanta, ta ninke, ta buɗe akwatin katako ta ɗauko abin da ya rage na lilin ɗin uwarta. A wurinmu ɗa ba ya tafiya yaƙi sai da rigar da uwarsa ta yi wa surfani da hannunta, ya sa ta a ƙarƙashin kaki. Wuya, da bakin hannuwa, da ƙirji, duk inda mugun abu zai bi ya shiga jiki, sai a tsare shi da ja da baƙi. Limamin coci yana cewa camfi ne, amma in an kawo masa yana yayyafa mata ruwa mai tsarki. Tekla ba ta yarda da mai nama ba, ba ta yarda da jarida ba, amma wannan ta yarda da shi har zuciyarta. Yayanta ya tafi yaƙin farko ba riga, ko kabarinsa ba a sani ba. Ta rantse Ostap ba zai hau jirgi ba sai da tasa a jikinsa.

Baƙin zare tana da shi. Ja ne matsalar, ƙulli biyu kacal suka rage mata tun kafin yaƙi. Ta mayar wa masu kawo mata ɗinki kayansu, ta zauna a taga, ta yi wuya ta yi bakin hannuwa, zaren ya ƙare. Saura ƙirji, wanda shi ne babban aikin, shi ne kuma ke rufe zuciya. Ta bi manyan kantunan cikin gari ɗaya bayan ɗaya. Inda aka samu ja, ta lasa, ta matse, ƙyalle ya yi jazur, ta ajiye. Ana gobe Ostap zai iso ta shiga kantin Paraska da ƙafafu a kumbure, ba don sayayya ba, don tun Kirsimeti Paraska ta ce mata ko sili babu.

"Ɗaukaka ga Yesu Almasihu," in ji Tekla.

"Har abada, Kumo. Wa ya mutu? Kin shigo min da fuska kamar an ce a daina sa tufafi."

"Ɗanki za a tsallaka da shi teku. Riga kuma ta tsaya a ƙirji, ja ya ƙare."

Paraska ta yi alamar gicciye, hawaye suka zubo mata nan take. Ta jira wata mata da ke zaɓen maɓalli ta fita, ta sa sakata, ta shige ciki. Da ta dawo sai ta zazzage aljihun gaban rigarta a kan kanta. Ƙulli shida, jajaye, kowanne da ɗamararsa mai tambarin Faransa.

Tekla ta kalle su, ta kalli hannun da ya ajiye su. "Ba ke kika ce min babu ba?"

"Babu ɗin ne. Na kowa da kowa babu. Wannan wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne ya kawo min daga Montreal, ragowar tun kafin yaƙi. Kada ki tambaye ni sunansa, mutumin yana da 'ya'ya biyar."

"Nawa?"

"A takarda sent huɗu, kin sani, na sani, gwamnati ta sani. Ni talatin na biya kowanne. Ki ba ni talatin ɗina. In na ci sent ɗaya a kan rigar ɗana, kada Allah Ya nuna min bikin Ista."

Matar da ta sa aka ci kantuna biyu tara ta buɗe jaka ta biya. Hannunta na dama ya kai kan ƙulli ɗaya don ya ciro sili, domin hannu ya saba. Paraska tana kallonta da jiƙaƙƙun idanu. Tekla ta mayar da hannun aljihu.

A gida ba mai kallonta. Ta zauna a taga, ta ciro sili, ta ajiye farin ƙyalle a cinya, ta kai zaren har bakin leɓenta. A nan ta tsaya. In ya zuba fa? Duk garin ta zaga, babu wani. In ya zuba, ɗanta zai tafi da ƙirji a buɗe, kuma za ta san abin da ba ta so ta sani game da matar da ta wanke gawar mijinta. In ba ta lasa ba, zaren Faransa ne, ga tambarinsa nan. Tsoro ne ya kama ta, ba wani abu ba, kuma ta san tsoro ne. Ta zura busasshen zaren a allura ta fara aiki.

Ostap ya iso da safe, ya ƙara tsawo ya yi baƙi, kaki ya zauna masa. Ya ɗaga ta sama a tsakar ɗaki tana dukan kafaɗarsa. Ya cinye miyar kabeji kwano biyu da rabin baƙin burodi, sannan ya jawo kujera kusa da taga.

"Mama, ashe har yanzu kina wannan abin? Sajan ɗinmu in ya gan ni da furanni a ƙirji zai sa ni share ɗakin wanka har a gama yaƙi."

"Sajan ɗin ba uwa gare shi ba? Ɗaga hannu in ga."

"Turawan ƙasar nan da muke tare da su ƙafar zomo suke ratayawa a wuya."

"Zomon ƙafa huɗu gare shi, me suka tsinana masa? Tsaya daidai, kada in soke ka."

Ya yi dariya, amma da ta juya sai ta gan shi ta gilashin taga ya ɗauki hannun rigar yana shafa surfanin da babban yatsa, a hankali, fuskarsa ba dariya. Ta gane yana tsoro, kuma ta gane yana son rigar fiye da yadda zai iya faɗa.

A rana ta huɗu, da ta zo buɗe ƙulli na uku, ta ɗaga ɗamarar a haske kamar yadda take wa komai. Sai ga ƙananan huji guda uku a jere a gefen tambarin. Ta san su. Ita ce ke soke allurarta a ɗamarar zare in za ta tashi ta duba tukunya, kullum a gefe guda. Ta juya takardar. Inda aka manna bakin, ba gam ɗin kamfani ba ne, ƙullun fulawa ne, har ya bushe ya yi fari. Biri ya yi kama da mutum. Ta ɗauki mayafi ta fita.

Paraska tana auna wa wata yarinya roba, da ta ga Tekla sai ta sassauta hannu. Tekla ta lura da wannan ma. Da yarinyar ta fita ta ajiye ɗamarar a kan kanta.

"Kumo, sabon zare daga Montreal yana zuwa da hujin allura ne?"

Paraska ta ɗauka ta kai kusa da ido, ta fashe da dariya. "Ke dai Allah Ya shirye ki. Wa ya ce miki sabo ne? Ragowa na ce. Mata ne can suke fito da na cikin akwatinsu suna sayarwa don su sayi man shanu. Ke kaɗai ce mai allura a ƙasar Kanada?"

"Da fulawa aka manna."

"In ɗamara ta ɓalle da me za a manna, da zinariya? Kumo, kalle ni. Ni na riƙe yaron nan yana tsala ihu, ya yi min fitsari a sabuwar rigata. In kina zargina ki faɗa da baki, in san inda na tsaya. Ga shuɗin littafinki nan a jaka, na sani. Rubuta ni."

Tekla ta daɗe tana kallonta. Maganar tana iya zama gaskiya, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Mata da yawa suna soke allura a ɗamara. Kuma ta riga ta yi rabin ƙirjin, saura kwana shida.

"Ban ce komai ba," in ji ta. "Tambaya na yi."

"To gai da min ɗana. Ki ce ya zo ya ci abincina kafin ya tafi, ko na zo na ja shi da kunne."

Ta koma taga. Ranakun Yuni a nan dogaye ne, haske ba ya ƙarewa da wuri, ta yi amfani da kowace sa'a. A rana ta bakwai aka yi zafi, ta ajiye allura ta ga kan yatsunta biyu sun yi ja-ja. Ta kalle su. Da safen ta yanka bit, jan tushen nan da muke miya da shi, sai ta ce shi ne. Da hannun hagu take riƙe bit in tana yanka, yatsun da suka yi ja kuwa na dama ne, amma ba ta tsaya a kan wannan ba.

Ana gobe tafiya, da hantsi, ta yanke zaren ƙarshe. Duk wanda ya san aikin Tekla zai ce ba ta taɓa yin irinsa ba. Layi biyu na taurari masu tsini takwas sun sauko daga wuya har ƙasan ƙirji, ko sili ɗaya bai kauce ba. Amma kwana goma sha bakwai a hannu sun sa lilin ya yi dauɗa, kuma ba uwar da za ta kai wa limami riga ba wanki. Ostap ya tafi sallama da abokansa. Ta zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi a baho a bayan gida, ta tsoma rigar, ta juya ta ɗauki sabulu.

Da ta juyo, ruwan ya yi ja.

Ta fizge rigar ta ɗaga. Wuya da bakin hannuwa, da ta yi da zarenta na da, suna nan fes. Ƙirjin ne ya zuba. Ja ya fito daga kowane tauraro ya shiga farin lilin, ya bazu, ya fi yawa a ɓangaren hagu inda ta cika aikin, yana gangarowa ƙasa layi-layi yana ɗiga a kan takalminta. Ba sai an faɗa wa uwa abin da wannan ya yi kama da shi ba. Ta zauna a matakala da rigar a cinya.

Sannan ta tashi ta yi duk abin da ta sani. Ruwan sanyi da gishiri, ruwan tsami, madarar da ta yi tsami, sabulu mai kaushi. Kowanne sai ya ƙara fito da launin. Warware ƙirjin ba zai cire tabon ba, lilin ɗin uwarta kuma ya ƙare, ja na kirki babu shi a garin. Ba ta yi kuka ba. Haushin kanta ne ya cika ta, fiye ma da na Paraska, domin lasa ɗaya ce da ta raba ta da wannan rana, kuma ita ta ƙi yi da saninta. Ta shanya rigar a ɗaki, ta rufe ƙofa, da ta sha iska ta ninke ta ta tura can ƙasan akwati. Abu ɗaya ta yanke: Ostap ba zai ga wannan ƙirji ba. Gara ya tafi ba riga da ya tafi da wannan hoto a kansa.

Ya dawo da la'asar yana fito, ya leƙa taga, ya leƙa igiyar shanya.

"Mama, ina rigata? Na ce wa limami za mu biyo kafin ya rufe."

Tana wanke kwanon da ta riga ta wanke. "Ban gama ba."

Ya yi dariya, yana jira ta ce wasa take. Da ba ta ce ba sai dariyar ta tsaya. "Da safe na ga saura kaɗan."

"Na yi kuskure a ƙirga, na warware. Ba za ta yiwu kafin gobe ba."

"Ke? Ke da ko matar mai gidan giya ba ki taɓa saɓa wa rana ba?" Ya sosa ƙeya. "To ki ba ni haka. Ko rabi ne, ai wuya da hannuwa sun samu."

"Ba a sa rabin riga."

"In gani mana, ko gani ne."

"Na ce ba a gama ba, Ostap. Je ka haɗa kayanka."

Ya tsaya yana kallon bayanta. Ta ji numfashinsa. Da tsawa ya yi mata da ya fi mata sauƙi, amma halin ubansa ya ɗauko. "Ba komai, Mama," in ji shi. "Dama sajan ba zai bari ba." Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa a hankali.

Da safe tashar ta cika da kaki da iyaye mata. Paraska ta riga su zuwa, da ƙunshin naman alade mai tafarnuwa da burodi da safa biyu da ta saƙa. Ta rungume Ostap tana kuka har kafaɗunta na rawa, ta zana masa gicciye a goshi sau uku. Tekla ta zuba wa hawayen nan ido, tana neman algus a cikinsu, ba ta samu ba. Na gaske ne. Ostap ya sumbaci hannun uwarsa, ya sumbaci goshinta, ya hau.

Paraska ta matso ta saƙalo hannunta a na Tekla, tana share hanci.

"Kumo, tana jikinsa?"

"A'a."

Paraska ta daina share hancin. Ta yi ƙasa da murya, ba ta kalle ta ba. "Ba dai sa ta kika yi a ruwa ba?"

Tekla ba ta faɗa wa kowa a duniya zancen ruwa ba. Ta juya a hankali ta dubi gefen fuskar matar, da jiƙaƙƙen kuncinta. Ta daɗe a duniya tana zato, ba ta taɓa jin ɗacin tabbas irin na wannan safiyar ba.

Jirgin ya yi kuka ya fara motsi. Ostap ya turo kai ta taga, yana nemanta a cikin mutane har ya gan ta. Ya haɗa hannu a baki.

"Mama, in kin gama ki aiko min. Zan rubuto miki adireshi. Kin ji?"

"To," in ji Tekla. Ta gyaɗa kai sosai don ya gani.

Paraska tana ɗaga masa hannu ɗaya, ɗayan yana nan riƙe da ita gam. Tekla ba ta fizge ba, domin in ta fizge faɗuwa za ta yi, kuma yaron yana kallo.